Shafin Da Ya Rage Na Ɗan'uwa Ne

Zuwa ga Malam Isyaku, Shugaban ƙungiyarmu ta marubuta da masu sayar da littattafai ta Rano da Kibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya, da iyali, da ɗawainiyar jama'a, Allah Ya ƙara girma. Ni ne Haladu Mai Batir na Dawaki, mai tebur a bakin tashar Rano, marubucin Makullin Rumbu na ɗaya da na biyu. Na ukun ma ya fito, yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gadona, a kansa nake kwana. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda duk ranar da na ɗaga hannu a taro sai a ce La'asar ta yi.

Na farko, ina tuna wa Malam al'adarmu, don waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya su ji. Injin ɗab'i ba ya buga shafi ɗai-ɗai. Faffaɗar takarda guda yake ɗauka ya zuba mata shafi goma sha shida, a naɗe a yanke. Saboda haka da wuya labari ya ƙare daidai bakin takarda, kullum sai shafi ɗaya ko biyu sun rage fari fat a ƙarshe, kuma ka riga ka biya kuɗinsu. A ajin firamaren da muke taro, muna zaune a kan bencin yara gwiwoyinmu a haɓa, muka yi ittifaƙi cewa shafin da ya rage na ɗan'uwa ne: ka tallata littafinsa, gobe ya tallata naka. Ba mu da rediyo, ba mu da jarida, wannan shafin shi ne sanƙiranmu. Malam ne ya shafa Fatiha a kan maganar.

Na biyu, Sabi'u tela na Tarai. Ranar da ya fara zuwa teburina, labarinsa yana cikin littafin 'yan makaranta, rubutu tun daga bakin takarda har ɗaya bakin, ba sakin layi, ba aya, kamar an zubar da buhun gero. Ni na ɗauke shi zuwa Kano, na kai shi wurin mai kwamfuta. Ni na nuna masa a bar fili a gefen da za a ɗinke, kada ƙusa ta cinye farkon kalmomi. Ni na hana a ƙanƙanta haruffa, domin yawancin masu karanta mu mata ne da fitilar ƙwai suke karatu. Da aka zo bango, lokacin Shari'a ta shigo an daina sa fuskokin mata, yaron nan ya rasa abin da zai ɗora, na ce a ɗauki hoton keken ɗinkinsa. Hoton da yau ake yabo har Kano, daga kaina ya fito. Sannan na ɗauki shafin da ya rage a Makullin Rumbu na biyu na ba shi sukutum, da manyan baƙaƙe: ku saurari fitowar Aljihun Hagu. Tallar nawa na uku kuwa layi ɗaya na ba ta a can ƙasa, don a ganina wanda ya karanta na biyu ba sai an roƙe shi ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Mutum zai tsaya a teburina, zuciyata ta yi fari, sai in ji, "Mai Batir, ina littafin nan da ka ce mu saurara?" In ce na uku ya iso, ga shi da zafinsa. Sai ya ce, "A'a, na telan aka aiko ni." Wani magidanci daga Unguwar Gai ya ce mini uwargidansa ta ce kada ya dawo gida ba Aljihun Hagu, ko da zai manta da gishiri. Na miƙa masa nawa a ragi, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye, ya sayi batir biyu don kada in ji kunya. Malam, da hannuna na riƙa saro littafin Sabi'u ina sayarwa a teburina, don kada ciniki ya wuce ni. Ɗan hakin da ka raina, ashe kai ne ma za ka riƙa yi masa dillanci.

Na huɗu, kuma nan ne ƙorafin yake. Da Aljihun Hagu na ɗaya ya fito, na wuce labarin na buɗe ƙarshe. Shafi biyu suka rage masa. Me ya sa a ciki? Addu'ar shiga kasuwa, da fassara. Na biyu ya fito, na sake buɗe ƙarshe: addu'ar hawa abin hawa. Na same shi a shago yana ɗinka wa wani kansila babbar riga, na ce Sabi'u ina amana? Bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba ya ce, "Haba Yaya Haladu, ai addu'a ta fi talla. Ko a cire ta a sa Makullin Rumbu?" Ya faɗa da ƙarfi, a gaban mutane.

Malam, ka ga inda ya ajiye ni. A wannan zamani wa zai tsaya a kasuwa ya ce a cire addu'a a sa littafin soyayya? Na shekara da shekaru ina ciniki, na sayar wa makaho tocila, amma ban taɓa ganin wayo irin wannan ba. Kuma a rubuta a ajiye: ni ba ni da ja da addu'a. Na haddace ta tun kafin a yaye Sabi'u, da ita nake buɗe tebur. Tambayata ɗaya ce: lokacin da shafina ne, me ya sa bai ce in sa addu'a ba?

Na biyar, kada a ce ban san inda kasuwata take ba. Wasu adadin da dila ya ɗauka suke kallo. Ni ba na ruɗuwa da wannan, dila yakan ɗauka ya dawo maka da shi. Ma'aunina gidan Uwani mai hayar littafi ne a Kibiya, ƙanwar mahaifiyata, inda matan unguwa ke karɓar littafi su kwana da shi su dawo. A can littafi ba ya ƙarya. Na je gaishe ta, ta juye mini kwandon. Aljihun Hagu ya yi baƙi ƙirin, bango ya rabu an liƙe da salatif, salatif ɗin ma an liƙe shi da wani. Akwai manja a shafi na tara, akwai inda wata ta rubuta Allah Ya isa a gefen sunan mugun da ke cikin labarin. Na ɗauko nawa na uku: sabo fil, yana ƙamshin inji, wasu shafukan ma ba a raba su ba tun daga yanka. Uwani ta ce, "Ɗan nan, naka akwai ƙarko." Tana nufin yabo. Ban iya cin tuwon da ta kawo ba.

Na san abin da za a ce, don an fara faɗa a tasha: Haladu ƙyashi yake yi. To, ba zan rantse ba. Na karanta littafin yaron nan sau uku don neman kuskure, na samu guda huɗu, amma duk karantawar sai da na kai ƙarshe. In wannan ne ƙyashi, ina da shi. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Na yarda. Ni dai na gaji da zama takin, ina so a duba tawa gonar.

Ga buƙatuna. Aljihun Hagu na uku yana hannun Malam yanzu, domin kai kake duba mana rubutu kafin a kai ɗab'i, kada a sami abin da ya saɓa wa tarbiyya. Na tambayi mai kwamfutar, shafi biyu za su rage. Zaɓe ya matso, gidajen ɗab'i za su cika da fastocin 'yan takara, wanda bai buga yanzu ba sai bayan rantsarwa. In wannan ya wuce ni, mai tsiren tasha ya riga ya taya kwalayena, kuma ya ce takardar tana da kyau ba ta shan mai.

Ɗaya, kada Malam ya sa hannu sai an ware wa Makullin Rumbu na uku shafi guda. Addu'a ta zauna a ɗayan, ba wanda ya ce a taɓa ta. In ta yi tsawo, na auna da zare, in aka rage tazarar layi kaɗan za ta shiga har da fassararta.

Biyu, tallar ta kasance da manyan baƙaƙe irin waɗanda na yi masa, ba layin ƙasa ba. Na riga na ɗanɗana layin ƙasa.

Uku, a taro mai zuwa a fara da maganata kafin a kawo lemo.

Allah Ya ja zamanin Malam, Ya ba shi ikon yin adalci tsakanin yaya da ƙane. Sabi'u kuma Allah Ya ƙara masa kasuwa, na faɗa da bakina kowa ya shaida. Ni kuwa abin da nake roƙo kaɗan ne, Malam ya taya ni da amin: ranar da zan koma gidan Uwani, Allah Ya sa in tarar da littafina a yage, da manja a jikinsa, ana neman salatif.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haladu Mai Batir,
Dawaki, Rano.