Yagana Ta Zaɓi Jami'ar Gida

Ƙanena Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan Yerwa da sauƙi, kwana biyu ba mu ji ƙarar komai ba, alhamdu lillahi.

Tun kafin azumi na ji ana cewa autata Yagana za ta tafi Kano karatu. A Kasuwar Kwastam na fara ji, na yi dariya. Ai ranar da ta cike takardar neman jami'a na tambaye ta wacce ta zaɓa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta gida, Baba." Har na yi ta fariya a majalisa cewa yayyenta duk sun gudu, amma ita tana nan tare da ni.

Ashe gidan da take nufi Kano ne. Shekara arba'in ina garin nan, kullum in za ni wajenku sai in ce za ni gida. Yarinya ta tsinci kalmar a bakina ta yanke ni da ita.

Ba zan hana ta ba. Ni ma ba na son ta riƙa wuce shingen sojoji kafin ta kai aji. Amma kai, Sabo, sau nawa muka yi waya kana tambayata farashin wake?

Ka sa mata ido, ta yi karatu, ta zaɓi ƙawaye. A sa mu a addu'a, a gaida Inna. Ka gaida matarka Ladidi da kyau. Ita ce ta kira jiya tana tambayata wane launin labule Yagana ta fi so a ɗakinta.

Yayanka,
Garba