Farantan da Na Ɓoye a Rumbun Masara

Doña Otilia, mai ba mu shawara a wannan shafi, don girman Allah ki taimake ni. Bakina ya jefa ni cikin rami, ga shi saura mako uku biki. Ba zan sa sunana ba, ko da yake duk ɗan garinmu da ya karanta wannan zai gane ni tun a layi na biyu.

'Yata ce za ta yi aure. Bari in fara da wannan, don murnar ta fi damuwar yawa. Ameyali, autata, wadda na fid da rai za ta taɓa zama wuri ɗaya har wani ya ce yana so, ta samu Leobardo, malamin makaranta, yaro mai sanyin hali. Tun da aka sa rana nake waƙa a madafa. Talotalona sun yi ƙiba har da ƙyar suke tafiya, barkonon mole, miyar bikinmu, kuma yana shanye a kan rufi.

Na san kin taɓa jin muryarta a rediyo, ita ce yarinyar nan mai yaƙi da shara. Ta tafi birnin Puebla karatu, ta dawo mana da wata kwalba, wai duk sharar da ta yi a shekara ke ciki. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ke 'yar nan, a robar man shanu kika tashi kina cin wake a gidan nan, yau kuma shi ne ya zama ilimi?" Ba ta kula ni ba. Ta fara daga kasuwar Laraba, tana bin masu tumatir rumfa-rumfa tana roƙonsu su daina ba da leda, su kuma suna kiranta Sarauniyar Bola. Shekara tara ke nan. Yau matan da suka yi mata ba'a su ne ke korar duk wanda ya zo layin sayen tortiya, wainar masararmu, babu ƙyallen naɗewa. Ta buɗe shagon da kowa ke zuwa da kwalbarsa a auna masa shinkafa ko sabulu. Har babban birni an kira ta jawabi. Na zauna a layin gaba da mayafina na zuwa coci ina ta hawaye, alhali rabin abin da take faɗa ban gane ba. Ina alfahari da yarinyar nan, Allah ya sani.

To ga inda na yi ɓarna. Ranar da dangin Leobardo suka zo tambaya da kwandon burodi da kyandirori, da suka tashi tafiya ko bakin titi ba su kai ba na fara raba nauyin biki yadda aka saba, kowa da abin da zai saya: wannan uwar zobe, wancan uban makaɗa, ƙanwata uwar kek. Sai Eufrosina, wadda ni da ita muke kiran juna komadre tun da ta riƙe Ameyali ranar baftisma, ta harare ni ta ce, "Ni fa, komadre? Ko an ga na tsufa ne?" Kafin in yi tunani na ce, "Haba, ai ke ce uwar faranti!" Wallahi na manta 'yar da nake aurarwa. Bikin yayyenta uku duk da farantan da ake ci a yar aka yi, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Eufrosina kuwa ba ta yin abu rabi da rabi. Mace ce da in ta shigo madafarki sai ta karɓe ludayin daga hannunki. Da ciwon gwiwarta ta hau mota har Puebla sau biyu, ta dawo ta sauke mini kwali shida a gida: faranti da kofi na farin soso, irin wanda ake ci a yar, na mutum ɗari shida. Kowane faranti an buga masa kurciya biyu da sunan amarya da ango da ruwan zinariya. Ta zaro ɗaya tana haki ta ce, "Duba nan! Ko 'yar magajin gari ba ta samu irin wannan ba. Kada ki kuskura ki gaya mata, so nake sai ranar ta gani." Na ce sun yi kyau. Kuma sun yi kyaun, Doña Otilia, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Washegari, washegari fa, ina cire 'ya'yan barkono rediyo na kunne, sai ga 'yata tana shaida wa jiha gaba ɗaya cewa bikinta ba zai bar shara ko cikin tafin hannu ba, mai shakka ya zo da wayarsa ya ɗauki hoto. Nan take na sa maigidana ya cusa kwalayen a rumbun masara. Shi abin dariya ya mayar da shi. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Uwargida, kurciyoyinki sun tashi lafiya."

Kin san ba a mayar wa uwar biki kayanta, gara a mare ta a ƙofar coci. In na ce wa Eufrosina ba a so, ba za ta taka bikin ba, ga shi ita ce ta biyu a sa wa amarya albarka bayan ni, kuma shekara talatin da ɗaya muna tare. In kuma farantan suka fito ranar, 'yata ta zama abin nunawa da baki. Na yi tunanin in ce ɓeraye sun cinye su. Na yi tunanin in fito da su ta bayan gida, ga dangin ango kawai. Har kwanciyar ciwon ƙarya na yi tunani. Ina son su su biyun, kuma so nake in taka rawa a bikin nan da zuciya ɗaya. Yaya zan yi?

Uwar amarya, daga gindin dutsen Malinche

Uwar amarya, barka da arziki. Na yi dariya da wasiƙarki, ke ma za ki yi nan gaba, amma sai kin sauke wasu nauyi a makon nan. Ki ƙyale ɓeraye, ba su yi miki laifin komai ba.

Bari mu yi wa kowa adalci. Ameyali ba taurin kai take yi ba. Sana'arta duka a kan gaskiyar bakinta ta tsaya, kuma hoto ɗaya na farantin soso mai sunanta ya isa a daina saurarenta a kasuwar da ta sha wahala kafin a saurare ta. Sai dai ita ma ta yi gaggawa: ta sanar da jiha kafin ta zauna da uwarta da uwar baftismarta, alhali ta san biki a wurinmu ba na mutum biyu ba ne. Eufrosina kuwa ba ta da laifi ko kaɗan. An ba ta aiki, ta yi shi da gwiwa mai ciwo. Kuskuren naki ne, kuma ƙarami ne. Ɓoyon ne yake neman girmama shi.

Ki fara da 'yarki, yau ɗin nan. Kai ta rumbun, ki buɗe kwali, ki gaya mata wanda ya sayo da yadda aka sayo. Ba ni da dabarar da za ta ɓatar da faranti ɗari shida, kuma kada ki ƙona su. Wannan fannin 'yarki ne, shekara tara tana koya wa mutane abin da za su yi da irinsu. Sharaɗi ɗaya za ki gindaya mata: ko a rediyo ko a makaranta, kada sunan Eufrosina ya fito a labarin.

Sannan kada a tuɓe komadrenki daga muƙaminta. Abin da take so shi ne a kira sunanta gaban jama'a a ce ga uwar faranti, kuma hakan zai yiwu. A bikina, kafin soso ya shigo gari, uwar faranti gida-gida take bi tana aro, kowane gida ya ɗiga jan farce kalarsa a gindin kwanukansa don kada su ɓace. Aiki ne na mace mai baki, wadda ta san abin da ke cikin kabad ɗin kowa, wadda ba a iya ce mata babu. Daga yadda kika kwatanta ta, an same ta. Wanke-wanke kuma ki ɗora wa abokan gwagwarmayar amarya, su nuna mana abin da suke wa'azi.

Ki je wurinta da ƙafarki, da burodi mai zaƙi a hannu, Ameyali na biye da ke don ta gode mata tafiyar Puebla. Amma ke za ki fara magana, kuma kada ki ce "yarinya ce ba ta so". Ki ce, "Komadre, ni na yi kuskure, na ji kunyar gaya miki." Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta tuna miki wani laifin da kika yi tun ranar baftisma. Ki zauna ki sha, kada ki tashi. Idan kika ji ta fara lissafa gidajen da za a shiga aro, tana ce miki ba ki iya komai ba, to an shirya.

Allah ya kai mu ranar lafiya, ya ba Ameyali da Leobardo zaman daɗi. Ke kuma ki taka rawarki har takalmi ya cire, komadrenki na gefe tana gyara miki taku.

Taki,
Doña Otilia