Rabin Bangon da Aka Yaɓe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Mainassara, mai zanen haruffa a Magarya, na rubuta wannan wasiyya da cikakken hankalina, ko da yake maƙwabta sun daɗe suna tantamar hakan. Ƙirjina ne ya gaji. Zuwa ga 'ya'yana Manzo da Haruna da Ɗela.

Na rubuta ta sau biyu, ɗaya da ajami domin Manzo, ɗaya da boko domin Haruna, tunda shekara biyu ke nan ba ku magana, kuma ba wanda zai yarda da karatun ɗan'uwansa. Ɗela, ke sai a karanta miki.

Na farko. Gonar Guci da shanu huɗu da ke wurin makiyayi, a raba yadda shari'a ta ce. Nan ba ni da wata fasaha.

Na biyu. Haruffan kwano da na yanka, waɗanda nake buga wa buhunan gyaɗa da allunan biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, na Haruna ne. Alƙaluma da littattafai na Manzo ne. Shekara talatin ina cin abinci da hannu biyun nan. Malamai suna ce mini marubucin Nasara, Nasara suna ce mini marabu, wato malami a bakinsu. Kowa yana kawo aiki, ba mai zama shan fura. Tun rasuwar mahaifiyarku Hinda, ƙadangaren zaure ne abokin hirata, shi ma kai kawai yake ɗagawa.

Na uku. Ƙoren launi, da farar ƙasa, da shuni, da ƙaro, na Ɗela ne. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ita kaɗai ke tsayawa daga nesa ta ce baƙi ya rinjayi fari. Ba ta taɓa kuskure ba, abin da ba zan ce game da masu karatun gidan nan ba.

Na huɗu, shi ne dalilin wannan takarda. Kun san bangon zaure. Daga dama na ja ajami, baƙi a kan fari. Daga hagu na ja boko, fari a kan baƙi. Kowanne ya taho ta hanyarsa suka haɗu a saman ƙofa. Manzo, lokacin da na kwanta ciwo bara waccan, ka zo daga Bande ka yaɓe rabin hagu da laka, wai kada in mutu ƙarƙashin rubutun kafirai. Na san tsoron Allah ne da ƙaunata suka sa ka. Amma abin da ka rufe, shi ne abin da ka bari a dama: sunan mahaifiyarka da roƙon Allah Ya jiƙanta. Wata uku na yi ina auna haruffan nan bayan mun binne ta, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Haruna, kai ka iya karanta shi. Maimakon ka gaya wa yayanka, sai ka kira shi jahili a gaban mutane, ka koma bironka ka riƙe sirrin kamar wuƙa a aljihu. Lakwal, makarantar Nasara, ta koya maka karatu, ban ga ta koya maka abin da ake yi da shi ba. Ni ma na yi shiru, ina jiran ɗayanku ya tambaye ni. Laifina ke nan, ku yafe mini.

Na biyar. Kada a sayar da gidan, ko ɗan kasuwar gyaɗa ya zo da dala buhu guda. Bayan sadakar arba'in, Manzo ya kankare lakar da hannunsa, a hankali. Haruna ya zana layin haruffan da alli a kan baƙin, Manzo ya cika su da fari, Haruna yana faɗa masa sunan kowanne. Ɗela ta tsaya bakin hanya. Aikin bai ƙare ba sai ta ce ya ƙare, kuma na roƙe ta kada ta yi sauri.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku saurin yafiya. Ku riƙe 'yar'uwarku. Ranar jana'izata ku tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, ko da ba ku fara magana ba tukuna. Na bar ku ga Allah.