Shingen Ƙarfen da Ya Tsare Keken Mijina a Bakin Kogi

Zuwa ga Jami'in da ke Kula da Hanyoyin Keke da Wuraren Shan Iska,
a council, wato ƙaramar hukumar da hanyar bakin kogi ta kudancin Manchester take hannunta.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da suka rage a ofishinka. Na ce waɗanda suka rage, domin na san tsuke bakin aljihun nan na gwamnati ya kwashe muku mutane. Ba jahilar halin da kuke ciki ba ce ni. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sunana Rabi Isiyaku, Isiyakun mahaifina ne. Ina aikin haɗa magunguna a wani kemis, ina zaune a Hulme da mijina da 'yarmu Hanifa. Da Hausa na rubuta wannan wasiƙa, don da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke cina, Hanifa ce za ta juya maka ita zuwa Turanci. Na kuma buɗe ta ga 'yan'uwanmu na Manchester da Birmingham, saboda sau uku ina rubuto maka a rufe ba abin da ya motsa.

Maganar a kan mijina ce. Ba za ka ga sunansa a nan ba, a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, Baban Hanifa nake ce masa. Injiniya ne. Mahaifinsa mai facin keke ne a Funtuwa, a cikin tayoyi da kaca ya buɗe ido. Da ya kawo ni unguwar Selly Oak a Birmingham ina amarya, shi yana karatu, ban taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, don a gidanmu ba a barin 'ya mace ta hau keke. Shi ya koya mini, a bakin tsohuwar hanyar ruwan nan da ta ratsa Birmingham, inda ba mota ba babur. Yana riƙe da kariya yana gudu a bayana, ni kuwa sai ihu nake, "Don Allah kada ka sake ni!" Ashe bawan Allah ya daɗe da saki, yana can baya yana ƙyaƙyata mini dariya.

Da aiki ya dawo da mu Manchester, sai hanyarku ta zama tamu. Duk Asabar ɗin da rana ta fito, mu bi kogi har mu bar hayaniyar gari, mu haye wata tsohuwar gadar dutse, mu ɓulla ƙauye mai tsohon coci da tumaki da shanu a makiyaya. A gindin wata bishiya muke sallar azahar, mu sha shayi da ƙosai. Yakan ce warin kashin shanun wurin na tuna masa gida, ni kuma in ce duk faɗin Ingila abin da ya samu na tunawa ke nan.

Shekara uku da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hagunsa ya tafi, harshe ya yi nauyi, aiki ya ƙare. Wata takwas yana kallon bango. Mai yi masa gashi a asibiti ce ta kawo shawarar keke mai ƙafa uku, ba irin a-daidaita-sahunmu na gida ba, wani ne mai kujera ƙasa-ƙasa, ana ɗaure ƙafar a kan feda, birki kuma a hannu ɗaya. Ranka ya daɗe, ranar da ya hau shi a bakin kogin nan na sake ganin mijina. Ya wuce ni yana kaɗa ƙararrawa, wallahi har da yi mini gwalo. A kan hanyar nan ba wanda yake ganin majinyaci, mai keke kawai ake gani. Na yi kuka ranar, amma na daɗi ne.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. A bazarar bana kuka kafa shingen ƙarfe a mashigar hanyar, ƙarafa biyu da suka karkato suka kusa haɗa kai, wai don hana samari shiga da babura. Ban musa ba, samarin sun addabi mutane. Amma ka zo ka gani da idonka: ta cikin shukoki suka yi ɓarauniyar hanya, har gobe suna shiga suna sheƙa gudu. Keken mijina ne kawai ba ya wucewa, tayoyin bayansa sun fi bakin shingen faɗi. An bar jaki ana dukan taiki.

Na biyu. A gefen shingen akwai ƙofa mai faɗi, da ƙaton kwaɗo. Makonnin farko wani dattijon Bature mai kula da hanyar, Denis, shi ke riƙe da mukulli. Da ya hango mu zai taho yana ɗaga hannu, ya buɗe, su tsaya da Baban Hanifa suna gardamar wace taya ta fi ƙarko, ko da rabin maganar mijina ba ya fita. Sai kuka sallame shi cikin waɗanda aka rage. Na kira ofishinku ina neman mukullin, wannan ya miƙa ni ga wancan, a ƙarshe wata murya ta ce ba a san inda yake ba. Mutum ya tafi, mukulli ya ɓace, kwaɗo kuwa yana nan daram.

Na uku, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Amsar da ta zo daga ofishinka layi biyu ce: wai mai keke ya sauka ya tura. Haba! Mutumin da sai na kwance masa ƙafa daga feda, na tallafe shi kafin ya miƙe, shi za a ce ya sauka ya tura? Wanda ya rubuta wannan ko karanta wasiƙata bai yi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da ya faru, ko da mijina ba zai so ba. Asabar ɗin bayan babbar Sallah ya nace sai mun je, har da Hanifa, ko Allah zai sa a dace. Ya kutsa keken cikin shingen, tayoyi suka cije, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Wasu samari biyu masu gudun motsa jiki suka tsaya, da kyakkyawar niyya, suka ce bari su ɗaga shi su tsallakar. Ni ce na ce to. Ban dubi fuskarsa ba, ban tambaye shi ba, hankalina na kan a fitar da shi. Suka sungume shi kamar jariri, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, hularsa ta faɗi cikin taɓo, wandonsa ya zame, a gaban 'yarsa budurwa. Hanifa a nan aka haife ta, Hausarta ma da ƙyar, amma sai da ta juya baya. Ya daure ya yi musu godiya da Turanci. Daga nan muka juyo gida.

Wataƙila a wurinka wannan ba wani abu ba ne, taimako ne aka yi. A wurinmu uba ba a ganin tsiraicinsa, ba a ɗaukarsa cak a gaban abin da ya haifa. Ni da na san haka, ni na ba da izini. Wannan laifina ne, na kuma roƙe shi gafara, ya ce ba komai, wanda na san da komai. Amma wa ya kai mu ga haka? Ba shingenku ba?

Tun ranar bai sake hawa ba.

Na huɗu. Kada a ce mu zaga ta babban titi, an riga an faɗa mini. Kujerarsa ko tsayin tayar bas ba ta kai ba, direba ba zai gan shi ba sai ya taka. Rashin motoci a kanta shi ne dalilin da ya sa hanyar nan ta zama hanya a gare shi. Ba mu da wata.

Makon jiya GP ɗinmu, wato likitar unguwa, ta duba shi, ta ce ƙafar hagun ta fara sandarewa. Ta ce idan sanyin bana ya shigo bai koma juya ta ba, ba ta da tabbacin baɗi za ta iya zagaya feda. Ganyaye sun fara ja, ranka ya daɗe. Kwanakin da suka rage mana ba su da yawa, tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A sare kwaɗon nan a buɗe ƙofar gefe yanzu, wannan ba ya buƙatar zaman kwamiti, zarto ɗaya ya isa. Idan dole sai an kulle, a ba duk mai irin lalurarsa mukullinsa a hannu, don ba shi kaɗai ba ne, na sha ganin wata tsohuwa mai keken guragu tana juyawa daga wurin. Sannan kafin ku sake kafa ƙarfe a wata hanya, ku nemo mai irin wannan keke ya gwada wucewa tukuna. Ina kuma gayyatarka ka zo da kanka wata Asabar, zan kawo keken ka zauna a kai, in ɗaure maka ƙafa ɗaya, ka nuna mini yadda ake sauka a tura.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya tsare ka da iyalinka daga ciwon da ke kwantar da mutum, ya sa kada ka taɓa tsayawa a gaban ƙofar da ba ka da ikon wucewa. Allah ya sa alheri ya fito ta hannunka.

Keken yana nan a farfajiyar flat ɗinmu. Duk Juma'a bayan masallaci yakan sa in jawo masa kujera, ya zauna ya ɗiga wa kaca mai da hannunsa ɗaya, ya goge ƙararrawa, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Ba ya tambayata ko an buɗe, kallona kawai yake yi, ni kuma na gaji da girgiza masa kai. Shi ya riƙe mini kariya har na iya tafiya ni kaɗai. Yau ni ce a bayansa, ina riƙe. Ka buɗe ƙofar nan, in samu in sake shi ya tafi.

Wassalam.

Rabi Isiyaku,
Hulme, Manchester.