Aron Ƙafa

Zuwa ga Maman Baliki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar maƙwabtaka, wadda nisan Kano da Ilori bai rage mata komai ba. Ina fata ke da Baban Baliki da Baliki kuna lafiya, kuma garin ya karɓe ku. Mu nan Fagge sai godiya. Damina ta kankama, lungu ya cika da taɓo, 'yan adaidaita sahu suna ta fallatsa wa mutane ruwa yadda kika bar su.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Ina kira ai, amma da mun gama "ya gida, ya yara" sai maganar ta maƙale mini a wuya. Shi ya sa na rubuta, na kuma ajiye a inda wasu za su gani, ko da akwai wata uwar mai irin halina.

Kin tuna tulin yashin da aka juye a bakin lungunmu za a yi gini, har yau ba a ɗora bulo ko ɗaya ba? In ruwa ya ɗauke, kina dawowa daga rumfarki ta Sabon Gari, ko mayafi ba kya ajiyewa, sai ki cire takalmi ki miƙa wa yaran ƙafa. Balikinki da Yaganata su durƙusa, su tara jiƙaƙƙen yashi a kanta, su daddaɓe da tafin hannu. Sai ki zare ta a hankali, ɗaki ya tsaya da ƙofarsa. Taki suka fi so don ta fi girma. Ina tsokanarki cewa da wannan ƙafar ko ɗakin amarya sai a gina.

Ni kuwa ina ciki a kan keken ɗinki, ina leƙowa ta taga ina cewa babba da ke kina wasan ƙasa. Amsarki ɗaya ce kullum: "Falmata, atamfa ba ta girma, yaro ne yake girma." Sai in yi dariya in ci gaba da taka keke.

Ban san ke kike riƙe mini rabin 'yata ba sai da kuka tashi, wata bakwai ke nan. Baban Yagana kin san shi, yana hanyar Maiduguri da kaya, sai ya yi sati uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Babu mai zama a ƙofar gida ya sa mata ido, ga babura suna ratsa lungu kamar an koro su. Sai na rufe ƙofa na miƙa mata waya. Ta yi shiru, ni kuma na ce na huta. Har yabonta nake a wajen masu kawo ɗinki, wai yarinyata ba ta da rigima.

Ruwan farko na bana, ta zo ta ja mini zani, wai in ara mata ƙafa. Na fita da tef ɗin awo a wuya da waya a hannu. Ta fara tarawa ke nan aka kira ni, wata mai kawo ɗinki tana tsaye a soro. Na fizge ƙafa, komai ya rushe. Karo na biyu miya ce a wuta. Karo na uku babu ɗinki, babu miya, ni ce kawai nake ta ce mata ta yi sauri, har na motsa yatsu rufin ya tsage.

Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Karkaɗe hannu ta yi, ta ce, "Ƙafar Umma ba ta iya zama ba." Ta shige gida.

Daga ranar ba ta sake tambayata ba. An yi ruwa ya fi sau nawa. Ta tsaya a taga ta kalli yashin, ta koma ta ɗauki waya. Tsoro ya kama ni, Maman Baliki. Yarinya 'yar shekara biyar tana koyon yadda za ta yi ba tare da ni ba, kuma a gabana take koya, ni ce malamar.

Shekaranjiya aka yi ruwa bayan azahar. Ina da ɗinkin biki a hannu, amma na rufe keke, na tura waya ƙarƙashin matashi, na fita. Na zauna a gefen yashin na cire takalmi. Ban kira ta ba, kunya ta hana ni. Masu wucewa suna ta kallona, har wata tsohuwa ta tsaya ta tambaya ko lafiya. Can sai ga Yagana a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da nake yi wa mai cewa gobe zai zo karɓar kaya. Sannan ta taho.

Ashe zama aiki ne, ba ki taɓa gaya mini ba. Yashin sanyi ƙalau, tururuwa tana hawa ƙaurina, ƙafar ta sage, zuciyata kuwa sai komawa take kan hannun rigar da ban haɗa ba. Amma na daure. A zaman nan na ga tana fito da harshe in tana aiki, sak babanta. Na ga haƙorinta na ƙasa yana girgiɗi, ban san yaushe ya fara ba. Ta yi wa gidan katanga, ta kafa tsinken tsintsiya ta ce bishiyar darbejiya ce, ta binne murfin kwalba ta ce rijiya. Surutun da na rasa wata bakwai ya dawo, har da waƙoƙin Yarabancin da kika koya musu, tana yi tana ɓata su.

Matar da ta kawo ɗinkin bikin ta zo ta same ni a ƙasa. Na ba ta haƙuri na ce sai gobe. Ta tafi tana ƙunƙuni, wataƙila na rasa ta ke nan. Ban motsa ba.

Da aka kira la'asar, na ce wa Yagana to, bari in zare a hankali yadda kike yi. Sai ta dafe gwiwata da hannu biyu. Ta ce, "Kar ki cire, Umma. In kin cire ba kowa a ciki, kamar ɗakinsu Baliki."

Har yau ba a sa kowa a ɗakinku ba. Kullum ta gabansa take wucewa, ni ma haka, amma ban taɓa tambayarta ko tana kewarku ba. Muna gida ɗaya, kowa da nasa kaɗaicin. Na kau da kai don kar ta ga idona, na bar ƙafar a ciki. La'asar ɗin ranar a makare na yi ta, Allah ya yafe mini.

Ina kewarki, ƙawata. Wannan ce maganar da take maƙale mini in muna waya.

Allah ya raya mana Baliki da Yagana, ya shirya su, ya kare su daga abin ƙi. Allah ya saka miki da alheri a kan duk yammacin da kika zauna wa 'yata ban gode miki ba. Allah ya haɗa fuskokinmu tun yaran ba su manta juna ba.

Taki,
Falmata, Maman Yagana