Tsutsotsi a Kwalbar Habu

Azare, daren Alhamis, 11 ga Muharram 1377

Yau na gane abin da ya yi ajalin 'yata Ladi. Da ƙanena Habu ya zo hutu daga jami'a, ya ɗebi ruwan tsohuwar randarmu da tsutsotsinsa a kwalba, ya rufe da ƙyalle. Yau kwana huɗu, sai ga sauro a ciki.

Ya ce, "Yaya, darasinmu na farko ke nan. Sauro ke kawo irin zazzaɓin da ya ɗauke Ladi, ba ɗanyar gyaɗar da kika ba ta ba."

Shekara guda ina zargin kaina. Na yi kuka sosai, sannan na ci tuwo har na ƙoshi.

Na kife randar, Asabe ƙanwar Ladi na barci cikin gidan sauro. Kududdufin bayan gida ne ban sami masu cikewa ba tukuna.