Kada A Ɗauke Mana Malama Hajara, Yanzu Ɗakinta Ya Cika

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da aiki lafiya. Ni dillalin hatsi ne, ina cin kasuwannin Kunci da Bagwai. Bokona bai yi nisa ba, amma ya isa in karanta allon da aka kafa a asibiti, kuma a kan allon nan zan fara.

Na ji an ce za a mayar da Malama Hajara birni, ma'aikaciyar nan da ke zama da masu ciwon damuwa a asibitinmu tana sauraronsu, wai don mutanen ƙauye ba sa zuwa. Wanda ya kawo maka labarin nan tsohon kaya ya sayar maka.

Na farko, gaskiya ne a da ba ma zuwa. To amma wa ya ajiye bencin jiranta a gindin darbejiyar bakin titi, ya rataya allo a kai da manyan baƙaƙe, "Masu Taɓin Hankali", sannan ya zaɓi ranar kasuwa? A nan garin ba a wuce mutum a asibiti ba a tsaya an tambayi wa ke ba lafiya ba. 'Yata Rabi, mai shekara goma sha shida, ta daina magana da cin abinci bayan rasuwar ƙawarta da suka taso tare. Ranar da uwarta ta kai ta, kafin la'asar gidana ya cika da 'yan dubiya. Wata ta kawo kunu, wata ta kawo turaren aljanu, wata kuma ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙe ko an ɗaure ta. Yarinyar ta shige ɗaki ta ce ba za ta sake taka asibitin ba. Wa zai ga laifinta?

Na biyu, mun kai kuka ofishinku, aka ce allon daga sama ya zo, ba a taɓa shi. To ba mu taɓa shi ba, yana nan yana gadin benci. Mun dai roƙi Malama ta koma ɗakin da ke bayan wurin awon ciki da rigakafi, ta canza rana zuwa Laraba, ta kuwa yarda. Yanzu mace ta goyo ɗanta kamar mai zuwa allura, ta zarce ciki. Namiji ya ce hawan jini zai gwada. Ni kaina an gwada mini jini har mai gwajin ya fara tambayata farashin gero. Akwai manomin da gonarsa ta ƙi, barci ya ƙaurace masa, akwai saurayin da ya fara shan ƙwaya, duk ta ƙofar nan suka bi. Ba zan kama suna ba, don Malama ma ba ta kamawa, shi ya sa muka amince da ita.

Na uku, ka zo ranar Laraba ba tare da sanarwa ba. In ka samu wurin zama, na yarda a ɗauke ta.

Rabi kuwa ta yarda ta riƙa zuwa ɗakin bayan, yanzu har ta koma makaranta. Ba rana ɗaya ta warware ba, zama ne bayan zama, wani lokacin ta dawo da jan ido. Amma shekaranjiya ta yi faɗa da ƙanenta a kan cajar waya har sai da uwarsu ta shiga tsakani. Ina zaure ina jin muryarta tana tashi, wallahi na ƙi shiga rabo don kada ta yi shiru.

Roƙona ga shi. A soke canjin wurin aikin nan, a tabbatar mata da ɗakin baya a hukumance, a sauke allon bakin titi. In da hali a ƙaro mana namiji mai irin karatunta, don akwai dattawan da ba za su iya buɗe cikinsu a gaban mace ba. Na san gidaje a unguwarmu da har yanzu shirun da na sani ake yi a cikinsu, kuma sun fara tambayata ta wace ƙofa ake bi. Kada in nuna musu ƙofa su tarar da kwaɗo.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, Ya raba gidanka da irin shirun da muka sha.

Wassalam.

Malam Sabo, dillalin hatsi,
a madadin masu zuwa gwajin jini ranar Laraba.